Kwamfutar Bilya Ta Tafi Ba Ta Ce Uffan Ba

Da zuciya cike taf da baƙin ciki, da sallamawa ga abin da ba shi da makawa, Malam Bilya Jumare na bakin kasuwar Makarfi yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarsa, wadda aka fi sani da Inna. Ta cika a shagonsa ana tsakiyar ɗiban tumatir, bayan doguwar jinya.

Marigayiyar 'yar gwanjo ce, da tabo a murfinta, amma ba ta san ƙiwa ba. Kowace safiya ita ke tattaro farashin tumatir daga kasuwannin kudu, ta tura wa manoman Gazara, Saulawa da Kudan ta waya, su san ko su tsinka ko su dakata. Ta sha zafi, ta sha ɗauke wuta, ƙorafinta bai wuce "huuu" na fankarta ba.

Ciwon ya faro ne daga tafintanta, wato manhajar da ke karanta umarnin aiki tana aiwatarwa. Sai tafintan ya yanke jiki ya faɗi ana tsaka da aiki, Inna ta ce "ɗin!", ta fito da akwatin gargaɗi a allo, ta tsaya cak har a zo a danna. Bilya ba zuwa gona, ba zuwa suna, sai gadin akwati. Da ya gaji, ƙanwarsa Mukarrama, wadda ta karanci kwamfuta, ta nuna masa inda ake kashe gargaɗin. Ta ja masa kunne cewa wannan ba magani ba ne, toshe bakin majinyaci ne. Shi dai hutu yake nema.

Ya kuwa huta. Inna ta daina kuka, fitilarta koriya shar, ya koma gonarsa. Ashe tafinta na faɗuwa kullum, saƙo ba ya fita. Manoma suka ji shiru, suka ɗauka farashi na nan yadda suka sani. Tukur na Saulawa ya tsinke gonarsa kaf, ya cika mota, ya tarar kasuwa ta karye. Tumatirin ya narke a kwando. Bai yi wa Bilya faɗa ba, hanya kawai ya sauya.

Da labari ya iso, Bilya ya garzaya shago, ya kashe Inna ya kunna. "Ƙit, ƙit" ta yi, ba ta sake farkawa ba. Mai gyara a Zariya ya ce ma'ajiyar bayananta ta daɗe tana lalacewa, abin da take ta ƙoƙarin faɗa ke nan.

Ta bar firinta guda mai tari, da kibod da rabin haruffansa suka goge, da manoman da suka koma tambayar direbobi a tasha.

Za a yi mata sutura da kwalin taliya ranar kasuwa, ɗan gwangwan ya ɗauke ta a kura bayan Azahar. Babu zaman makoki. Amma Bilya zai shimfiɗa tabarma a ƙofar shago har Magariba, ko Allah zai sa Tukur ya biyo ta nan.