Durƙuso Biyu a Kan Maraƙi Ɗaya

Ko tsufa ya cinye mini ƙwaƙwalwa, ba zan taɓa mantawa da yammacin da na durƙusa wa Hamisu a gaban mutanen garinmu kaf ba. Ko na so in manta ma ba hali, domin Hamisu yana raye, kuma bakinsa ƙalau yake.

Abin ya faru ne a shekarun tsuke bakin aljihu, lokacin da sai ka bi layi kafin ka sayi sabulu ko gwangwanin madara. Ina aji uku a jami'a, kuma ni ne kyaftin ɗin ƙungiyar kokawa. (Kada ku tambaye ni abin da ya kai ɗalibin lissafi kokawa. Yunwa ce. Da aka rufe ɗakin cin abincin ɗalibai, 'yan wasa kaɗai ake ba shayi da burodi bayan atisaye, ni kuwa na duba wasannin duka na ga kokawa ce kawai ba a gudu a cikinta.) Daga baya dai abin ya shiga raina, har na zama gwani. Na rantse na zama gwani, ko da yake abin da zan ba ku labari ba zai taimaka wa wannan rantsuwa ba.

Ga inda raina yake ɓaci har gobe. Kowane ɗalibi yana biyan kuɗin wasanni haɗe da kuɗin makaranta. Ni kam sai Baba ya kai wakensa Dawanau ya sayar kafin in biya nawa. Kuɗin nan na kowa ne: masu gudu, masu tsalle, 'yan matan ƙwallon raga, da mu 'yan kokawa. Amma da zarar ya shiga ofishin Daraktan wasanni, sai ya fito sanye da takalmin ƙwallon ƙafa. 'Yan ƙwallo su ne da sababbin riguna, su ne da bas, su ne da kaza da lemo. Mu kuwa katifar da muke atisaye a kai ta yage har soso yana leƙowa, da zaren buhu muka ɗinke ta da hannunmu. Wallahi ko yanzu da nake rubuta wannan sai da na ajiye biro na sha ruwa.

Da gasar jami'o'i ta gabato, wadda za a yi can kudu, Darakta ya kira ni da mai horar da mu, Koci Bala. Ko kujera bai nuna mana ba.

"Bana babu kuɗin kai 'yan kokawa," in ji shi. "Kun san halin da ƙasa take ciki."

Ta tagar bayansa ina hango 'yan ƙwallo suna gwada sababbin takalma. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai bara mu muka kawo wa makarantar nan lambar yabo. Su kuwa a zagayen farko aka koro su."

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, wa ka taɓa gani ya sayi tikiti don ya kalli ƙarti biyu suna birgima? In kun samo kuɗin motarku, bismilla, zan sa muku hannu."

Ƙarti! Mu ne ƙarti! Yaran nan sun shekara suna tashi da asuba suna murza juna a kan yagaggiyar katifa, wasunsu shekarar ƙarshe ce, in ba su je bana ba sun rasa ke nan har abada. Muna fitowa zuciya ta ɗebe ni, bakina ya riga hankalina. Na ce, "Koci, kwantar da hankalinka. Ni zan kawo kuɗin motar."

Ga dabarar tawa. A ƙauyenmu da ke bayan Kunci, in an gama girbi akan yi kokawar kaka. Wani Alhaji ɗan garin mai harkar hatsi yakan ɗaure maraƙi a gindin tsamiya, duk ɗan ƙasar da ya kayar da zakaran gari ya kwance abinsa, in kuwa ba a samu ba zakara ya ja shi gida. Baƙo sai dai kallo. Zakaran kuwa ba kowa ba ne illa Hamisu, ɗan kawuna, wato taubashina, wanda al'ada ta ba shi izinin tsokanata tun daga zanin goyo har kabari. Dogo ne ƙaƙƙarfa, ga baki, ga cika baki. Tun muna yara yake buga ni da ƙasa, har aka kai ni makarantar kwana na huta. Amma yanzu fa? Yanzu ni ɗan kokawar ilimi ne.

Koci Bala ɗan birni ne, a kan katifa ya koyi kokawa, bai taɓa tsayawa a filin ƙauye ba. Ya tambaye ni, "Yaya dokokinsu suke?"

Na ce, "Haba Koci, kokawa ai kokawa ce." (Ku riƙe wannan maganar, za ta dawo.)

Ya ce tun da Hamisu dogo ne, ta ƙafa za mu bi masa. Wannan kuwa shi ne makamina. A kokawar jami'a sai ka sulale ka sa gwiwa ɗaya a ƙasa, ka dafe cinyar mutum da kafaɗa, ka rungumo ƙafafunsa biyu ka tashi da shi. Shekara da shekaru Koci yana daka mini tsawa, "Ƙasa!" ni kuma ina zubewa, har ya zama ko a mafarki na ji kalmar sai gwiwata ta motsa.

Muka hau motar hatsi, ni da Koci da abokan wasana biyu, muka sauka a garinmu. Kafin a yi sallar magariba babu zauren da ban shiga na sanar cewa mulkin Hamisu ya ƙare ba. Inna ta yanka zakaranta guda ɗaya tilo saboda baƙin jami'a, a shekarar da ko ƙwai ba a ci sai da dalili. Baba kuwa ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ashe waken da nake sayarwa kokawa yake biya?" Na ce masa ya bari ya ga gobe.

Washegari bayan la'asar fili ya cika maƙil, har a kan tarin karan gero mutane suke zaune. Makaɗa suna ta zuba, ga maraƙi ja a gindin tsamiya yana tuƙa abinsa, bai san shi ne tikitin mutum goma ba. Hamisu ya riga ya kayar da samari uku, yana zagaya fili da warki da layu a damtse. Aka kira sunana. Na tuɓe rigar sama, na fito da kayan kokawar jami'a: wata jar riga ce haɗe da gajeren wando, mai kama jiki tsam, ita kaɗai ta rage wa ƙungiyarmu, kuma asali an ɗinka ta ne wa wanda bai kai ni jiki ba.

Kowa ya zuba mini ido. Sai wata tsohuwa ta ɗaga murya ta ce, "Jama'a, yaron nan rigar ƙanwarsa ya sako?"

Na yi kamar ban ji ba. Na shiga ina tsalle-tsalle irin namu, ina karkaɗa wuya. Hamisu ya tsaya yana murmushi, ya ce, "Taubashi, boko ya iso? To, zo ka karanta mini."

Muka fara zagaye juna. Na auna tazara, na ga ƙafafun nan dogaye a buɗe kamar ƙofar rumbu. Zuciyata ta ce yau ranarka ce. Daidai nan Koci Bala ya kurma ihu daga bakin fili, "Ƙasa!"

Na zube.

Gaskiya a faɗe ta, ban taɓa yin sulalewa mai kyan wannan ba. Da a gasar jami'o'i ne da an tafa mini. Amma kafin hannuna ya kai ga ƙafarsa, Hamisu ya ja da baya taku ɗaya, ya harɗe hannuwa a ƙirji. Ganguna suka tsaya cak. Ga ni nan a tsakiyar fili, gwiwa a ƙasa, hannuwa biyu a miƙe, cikin rigar ƙanwata. A lokacin ne abin da na sani tun ina ɗan shekara biyar ya faɗo mini: a kokawar garinmu, in wani abu naka ban da tafin ƙafa ya taɓa ƙasa, an kayar da kai. Ba wanda ya taɓa ni. Ni na kayar da kaina.

Hamisu ya sunkuyo, ya dafa kaina yadda dattijo yake yi wa yaro, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Lafiya lau, yaro. Yaya karatu? Tashi, tashi, Allah ya yi maka albarka."

Innalillahi! Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Wani mutum har faɗowa ya yi daga kan karan gero. Koci ya rugo cikin fili yana ɗaga hannu yana cewa, "Ai ba a fara ba! Dabara ce! Dabara ce!" Dattijon da yake alƙalanci ya ce masa, "Malam, a nan in gwiwa ta sauka an gama. In dabara ce, to ta yi kyau, amma ta gama." Kafin in fita daga fili makaɗa sun riga sun raɗa mini suna, Mai Ladabi. Na so ƙasa ta tsage in shige, ita kuwa ta ƙi, wai ai gwiwata ta riga ta gaishe ta.

A gida na ga Inna tana ta kallon akurkin da babu zakara. Baba ya gyara zama a kan buzu ya ce, "To, alhamdu lillahi. Aƙalla sun koya maka gaisuwa."

Da safe ina shirin sulalewa tasha kafin gari ya waye sosai, sai ga Hamisu a ƙofar gidanmu, riƙe da igiyar maraƙi, rabin gari a bayansa.

"Baƙinka sun ba ni labarin tafiyarku," in ji shi. "Ni ba na rasa wani maraƙin baɗi, ka ɗauki wannan. Sai dai jiya mutanen da suke baya sun yi ƙorafi, wai ba su gani da kyau ba. Maimaita musu."

Jinina ya tafasa. Na juya in shige gida, sai idona ya faɗa kan abokan wasana biyu. Kallon maraƙin kawai suke yi. Koci kuwa ya ɗaga kai yana nazarin sararin sama. Na tuna yagaggiyar katifa da zaren buhu. Na juyo, na sa gwiwa a ƙasa.

"Da hannuwan," in ji Hamisu.

Na miƙa hannuwan. Ya ɗora mini igiyar a kai. Mutane suka yi ta shewa, ni kuwa hawayen takaici ne ya cika mini ido, amma igiya tana hannuna.

Muka sayar da maraƙi a kasuwa, kuɗin ya isa mota da abinci har da ɗan canji. Muka koma makaranta, yara suka ɗaga ni sama kamar na ci gasar. Sai batun sa hannun Darakta. Da ya ji labari fuskarsa ta washe, har kujera ya ba mu.

"Madalla da ku! Haka ake son matasa," in ji shi. "Sai dai doka ce, duk kuɗin da aka samo da sunan jami'a sai ya shiga asusun wasanni tukuna, sannan a fitar muku a ƙa'idance."

Na miƙe tsaye, na ba shi kuɗin da hannu biyu. Har cewa na yi, "Mun gode, ranka ya daɗe." Ni fa! Na gode masa!

Daga nan kullum muka je sai a ce ana kan aiki. Ranar tafiya muka zo da jakunkunanmu, muka tarar da bas ta cika da 'yan ƙwallo, ana loda kulolin kaza. Na kutsa ofis ina huci na ce ina kuɗinmu. Darakta ko ɗago kai bai yi ba.

"Tayar bas ta lalace, sai da aka sayi sabuwa. Ai duk jami'a ɗaya ce, Malam. In sun ci, kun ci."

Muna tsaye bas ta wuce ta gabanmu, sabuwar taya tana sheƙi. Maraƙina ke nan yake birgima zuwa kudu ba tare da ni ba. Yaran da shekararsu ta ƙarshe ce suka ɗauki jakunkunansu suka koma ɗaki, kuma ganin tafiyar tasu ya fi dariyar garinmu ciwo. ('Yan ƙwallon kuwa, in kuna son sani, a zagayen farko aka sake koro su. Ban yi farin ciki ba. To, na ɗan yi.)

Yau ni da Hamisu duk furfura ta gama da mu, amma babu bikin dangi da zan shiga bai ɗaga murya ya ce, "Mai Ladabi, zo ka gaishe ni!" ba. Jikokinsa ma da sunan suka san ni. Na yafe masa tuntuni, domin shi dai ya ci mutuncina ya biya da maraƙi. Darakta ne ban yafe wa ba, sai mun haɗu a gaban Allah da tayarsa.

Na daɗe ina zaton durƙuson nan biyu su ne babban abin kunyar rayuwata. Ashe ba su ba ne. Na farko wauta ce, na biyu don abokai na yi. Abin kunyar na gaske a tsaye na yi shi, da hannu biyu, har da godiya. Shi ya sa yanzu in 'yata ta dawo daga jami'a ta ce a ba ta kuɗin wasanni, nakan ba ta, amma sai na ce ta tambayo mini tukuna: tayar gaba ce ko ta baya?