Ranar da Na Ɗaura wa Bindiga Kunama

Na daɗe ina sayar wa maharba kayan bindiga a Zaitawa, amma ban taɓa kwance ko ɗaya ba. Da Baba Ɗanlami, babban mai sayayyata, ya sayi sabuwar kunama zai kai wa maƙeri, sai na ce, "Wane maƙeri, Baba? Kawo nan."

Na ɗaura, na sassauta ta sosai don in burge shi. Yana saka harsashi ya tura sakata, bindiga ta tashi da kanta. Tankin ruwan maƙwabcina ya fashe a kanmu.

Baba ya matse hularsa ya ce, "Alhaji, Allah ya isa."

Maharba sun ƙaurace mini. Har yau ko sukundireba na ɗauka, sai 'yan layinmu su ɗau ihu: "A fito da bokitai, Alhaji zai yi gyara!"