Zakaran Malam Hambali

Wani mutum ne muka yi aiki tare a sakandaren garinmu, Malam Hambali, malamin zane. In dai ka zauna da shi na minti biyar, to ka ji labarin kurar da ya zana a katangar mahauta, wadda ta hana awaki bin layin har shekara guda. In ka ƙara minti biyar, sai ka ji na ƙwaryar furar da ya zana a bango, ƙudaje suka yini suna faɗawa ciki. Ba wanda ya taɓa ganin kurar, ba wanda ya ga furar. In ka tambaya sai ya ce ruwan sama ya wanke.

Kada ku ce bai iya ba. Ya iya. Ba shi alli da baƙin allo, zai fitar maka da tulu da mangwaro sumul. Matsalarsa ɗaya ce, baki. Duk abin da aka ambata a duniya ya san shi, kuma ya riga kowa sani.

Ana nan sai aka kawo wa makarantarmu allon zamani. Wani ƙaton gilashi ne kamar talabijin, aka kafe shi a bangon ɗakin zane, aka haɗa masa sola. Yana da nasa alƙalami, kana goga shi a jiki layi na fita, ka zaɓi launin da ka ga dama. Aka ce Malama Kubura, sabuwar malamar lissafi da ta je kwas a kansa, ita za ta koya wa malamai na kwana uku.

Ranar farko Malam Hambali ya zo, ya zauna can baya, ya harɗe ƙafa yana sakace. Malama Kubura ta gama bayani, ta miƙo masa alƙalamin da hannu biyu.

"Malam, bismilla, ka gwada. Ai abin naku ne, ku masu zane."

Ya dube ta sama da ƙasa.

"Ke 'yar nan, lokacin da na fara taɓa kwamfuta a Ikko, kina goye a bayan mahaifiyarki. Wannan ai ƙaramin ne. Wanda na saba da shi, da ƙafa ake kunna shi."

"To Malam, ko layi ɗaya..."

"Koya wa waɗanda ba su iya ba."

Ya kaɗe babbar riga ya fice. Bai sake leƙowa ba har aka gama kwana ukun.

Sati na zagayowa, shugaban makaranta, Alhaji Mamuda, ya tara mu a ɗakin malamai. Ya ce ranar Laraba Darakta za ta zo daga ofishin ilimi ta ga yadda ake amfani da allon. Malamin da ya burge ta, shi za a naɗa jagoran koyarwar zamani na shiyya baki ɗaya, a ba shi kwamfutar cinya, a tura shi taro Abuja, otal da komai.

Kafin Alhaji Mamuda ya rufe baki, Malam Hambali ya miƙe zumbur.

"Yallaɓai, ai ba sai an wahalar da kowa ba. A ɗakina allon yake."

"Malam Hambali, ba ka fa zauna kwas ɗin ba."

"Yallaɓai, da na zauna, da ni zan koyar, kuma da na kunyata yarinyar mutane. Kara na yi mata."

Malama Kubura ta sunkuyar da kai tana murza zobenta. Alhaji Mamuda ya ce to, Allah ya kai mu Laraba.

Abin da ya biyo baya, Malam Hambalin da bakinsa ya ba mu labari daga baya, bayan ƙura ta lafa. Ya ce ran nan da aka tashi makaranta ya koma ɗakin zane, ya turo ƙofa, ya sa sakata. Ya tsaya gaban allo, ya ce, "To, ni da kai." Ya danna. Fau! Taswirar duniya ta fito. Ya sake dannawa, agogo ya fito. Ya dangwala da ƙarfi, allon ya yi wani ƙiiit, ya rubuto Turanci layi shida, ya ɗauke ɗif. Sa'a biyu yana fama, ko ɗigo bai iya ajiyewa ba. Gumi ya jiƙa masa riga sharkaf.

Mai hankali a nan sai ya je ya ce, Malama Kubura, yi haƙuri, nuna mini. Awa ɗaya ta ishe shi. Amma Malam Hambali ya ce gara a ce ya mutu.

Sai ya zarce bakin tasha, shagon Sabi'u mai tura wa mutane fina-finai a waya. Ya jira layi ya watse, ya matsa, ya rage murya.

"Sabi'u, akwai bidiyon da za a ga zane yana fitowa da kansa, layi bayan layi, ba a ganin mai yin?"

"Cike suke, Malam. Doki kake so, ko mota, ko zakara?"

"Ba ni zakaran. Amma ka ji ko, ba ni nake so ba. Wani abokina ne."

"Allah ya taimaki abokin naka," in ji Sabi'u.

Ya zuba masa bidiyon a filas, ɗan abin nan da ake adana fina-finai a ciki, ya nuna masa ramin da ake sokawa a irin wannan allo da alamar da ake dannawa abin ya tashi. Iyakar ilimin da Malam Hambali ya yarda ya karɓa ke nan.

Kwana huɗu yana atisaye bayan an tashi. Ya soka filas, ya danna, fari ya cika allo, layi ya fara tafiya, shi kuma ya bi shi da alƙalami. Ya gano cewa in alƙalamin ya taɓa gilashin wasu alamomi na fitowa a ƙasa, don haka ya koyi shawagi da shi, saura ƙiris ya taɓa amma bai taɓa ba. Ya haddace zakaran nan tsaf: baki, ido, zanko, wuya, fiffike, ƙafafu, jela. Minti bakwai. Da gashin jela na ƙarshe ya sauka, sai ya zare filas ɗin, ya juyo ya rusuna wa kujerun da ba kowa.

Laraba ta zo. Ɗakin zane ya cika maƙil. 'Yan aji uku a gaba, mu malamai a tsaye jikin bango. Malam Hambali ya sha shadda sabuwa fil, tana ƙara in ya motsa, hula a karkace. Darakta ta shigo, Hajiya Tabawa, dattijuwa mai farin gilashi, ba ta da yawan magana. Aka ba ta kujera a gaba, ta zauna ta ajiye jaka a cinya.

Malam Hambali ya riga ya soka filas tun da safe. Ya yi gyaran murya.

"Ranki ya daɗe, abin da za ki gani yau, wasu sai sun je ƙasar waje suke ganinsa. Ni da allon nan mun zama ɗaya. Ɗalibai, me kuke so in zana muku?"

"Jirgin sama!"

"Raƙumi!"

"Mota, Malam, mota!"

Ya sa hannu a kunne. "Zakara? To, tunda zakara kuke so."

Ya juya baya, ya kare allon da babbar riga, ya danna. Layi ya fara. Wallahi jama'a, ban taɓa ganin hannu mai kyau irin na ran nan ba. Baki ya fito, ido ya fito, Malam na lanƙwasa, yana ɗaga ƙafa ɗaya, yana cije leɓe. Yara suka fara, "Kai! Kai!" Alhaji Mamuda ya dube mu yana gyaɗa kai. Ni kaina na fara cewa a raina, ashe mun zalunci bawan Allah. Malama Kubura kaɗai na ga ta rufe baki da gefen mayafi.

An zo wuya sai Hajiya Tabawa ta yi magana.

"Malam, shekararka nawa kana koyar da zane?"

Tambaya ce ta yabon kai, Malam Hambali kuwa ba ya iya barin irinta ta wuce. Ya juyo gaba ɗaya, alƙalami a sama.

"Ranki ya daɗe, ashirin da shida. Kuma a cikinsu babu shekarar da..."

"Malam! Malam!" yara suka ɗauka. "Yana yi shi kaɗai!"

Ya waiga. Allo ya gama wuya, ya shiga fiffike, yana ta zuba gashi shar-shar-shar, mai zane na tsaye taku uku daga wurin. Amma Malam Hambali ne fa.

"Ku yi mini shiru! Wannan shi ake kira ci gaba. Allon ya riga ya san hannuna. In na fara masa, ya san inda zan nufa."

"Ikon Allah," in ji Hajiya Tabawa. "Ashe har ya saba da kai haka."

"Kamar ɗa da uba, ranki ya daɗe."

Ya yi tsalle ya koma, ya kamo layin a ƙafar hagu, yana haki. Aka zo sa launi.

"Malam, zankon nan, yi mini shi shuɗi mana," in ji Hajiya.

"Shuɗi, ranki ya daɗe?"

"Shuɗi. Ina son shuɗi."

Ya kai alƙalami. Zanko ya rine jawur.

Malam Hambali ya juyo yana murmushin da bai kai ido ba.

"Kin gani ko, ranki ya daɗe? Na ba shi shuɗi, ya ƙi. Ya san babu zakara mai shuɗin zanko. Ba ya yarda a koya wa yara ƙarya."

Wani malami a kusa da ni ya fita da gudu, muka jiyo shi a baranda yana tari.

"Madalla da allo mai gaskiya," in ji Hajiya. Ko gezau fuskarta ba ta yi ba.

Jela ta fara sauka, gashi ɗaya, biyu, uku. Malam ya ga gaɓa ta matso. Na ƙarshe na sauka ya ce, "Alhamdu lillahi!" ya miƙa hannu gefen allo zai zare filas.

"A'a, bar shi!" in ji Hajiya Tabawa. "Kada ka taɓa komai. Irin wannan aiki ai sai an ɗauki hoto. Alhaji Mamuda, taso. Malam, tsaya nan gefen zakaranka."

Ta miƙe, ta ba direbanta waya. Aka jera: Darakta a dama, shugaban makaranta a hagu, Malam Hambali a tsakiya, zakara a bayansu. Malam kuwa bai taɓa barin bidiyon ya wuce nan ba. Bai san abin da ke gaba ba. Direba na cewa a matso, a ɗan gyara, shi kuwa Malam yana satar kallon baya.

Sai zakara ya fara ƙanƙancewa. Yana ja baya, yana ja baya, har gefen wani tebur ya bayyana, da ledar shimfiɗa mai furanni.

Malam ya zabura. Ya kai wa allo mari, tas! Alamomi suka fito a ƙasa. Ya sake kai masa, tas! tas! yana neman wurin kashewa. Ashe kan alamar sauti yake duka. Allon da ya yini shiru ya buɗe maƙogwaro har ƙarshe, wata 'yar siririyar murya ta cika ɗakin:

"...to 'yan uwana yara, kun ga zakaranmu ya fito! Wannan darasin 'yan aji biyu ne na firamare. In ba ku iya ba kada ku yi kuka, ku sake gwadawa!"

Direba ya sauke waya. Alhaji Mamuda ya cire hula ya mayar.

"Malam Hambali," ya ce a hankali, "muryar wa ke nan?"

"Yallaɓai, ta... ta na'urar ce. Haka kamfani ke yin su. Duk allon zamani da muryar yara yake zuwa, don ɗalibai su saki jiki."

Bai rufe baki ba sai ga hannu ya shigo cikin allon daga ƙasa, riƙe da alƙalami. Ɗan mitsitsin hannu, da awarwaro biyu na roba, yatsun nan sun sha lalle jawur har wuyan hannu. Ya ɗan gyara wa zakara ido, ya ajiye alƙalamin, ya kaɗa mana alamar sai an jima.

Malam Hambali na tsaye da nasa alƙalamin a sama, shadda ta manne masa a baya.

Hajiya Tabawa ta cire gilashi, ta goge da gefen mayafi, ta mayar. Ta dubi hannun da ke allo. Ta dubi na Malam. Ta sake duban na allo.

"Malam, zane ya yi kyau, ba ƙarya. Murya kuma ka ce ta kamfani ce, mun yarda." Ta ɗan matso kusa da shi, ta rage murya, amma har na bayan aji sai da ya ji. "Sai dai ina da biki ranar Asabar. Don Allah wa ya yi maka wannan lallen?"