Ƙuri'ar da ta lalace a akwatinmu

Na daɗe ina bin majalisun samarin Runka ina ce musu ƙuri'a amana ce, kada kowa ya ɓata tasa. Ranar zaɓe suka fito duk da tsoron hanya, ni kuwa sai hura hanci nake.

Da aka miƙo mini takardata, Sani ɗan wana ya ce, "Baba, wace irin dangwala ke ɓata ƙuri'a?" Nan take na dangwala wa jam'iyya biyu, na ɗaga kowa ya gani.

Jami'ar zaɓe ta ce, "Malam, ba a ba da ta biyu."

Da aka ƙirga, tawa kaɗai ta lalace. Har yau in zaɓe ya matso, samarin kan ce, "Baba, bana wa zai riƙe maka yatsa?"