Kwalbar Turaren Matata

Sati biyu da fara koyon ɗura albarushi a harsashi a garejin gidana na garin Woodbridge, can ƙasar waje, har na fi malamina sani. Ya ce kada in kuskura in raba albarushi da robarsa. Ni da nake injiniya? Na juye ragowar a tsohuwar kwalbar turaren wutan matata, na manta ta a kan taga.

Washegari surukata Hajiya ta barbaɗa shi a garwashi. Wuta ta tashi, ta cinye labule, ta ƙone mata yatsu uku.

A asibiti ko kallona ba ta yi ba. Ta ce wa 'yarta, "Tambayi mijinki, me na yi masa?"

Har yau, duk gidan sunan da na shiga, sai wata ta ce, "Ga Injiniya nan, a kashe kasko."