Kwaɗin Gwamnati Sun Yi Ƙaura

Jama'a, shekaranjiya na ƙona litar esansi biyu a moto don in je ganin kwaɗi, aka tsayar da ni a ƙofa wai ba ni da takardar ziyara. Ni da kukansu ya yi renona!

Wani tabki ne arewa da Tawa. Bara wani Mai Girma, Allah ya ƙara masa hangen nesa, ya gano akwai kwaɗi iri bakwai a cikinsa, har da burduddugi. Nan take aka zagaye tabkin da waya, aka sa mai gadi, aka kori shanu don kada su taka baƙin gwamnati. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Wanda ya sha wuya shi ne Alƙasum, makiyayin da tun kakanninsa nan suke shayarwa. Ya koma wani ɗan kududdufi a bayan waya, ruwan yana ja baya kullum, shanu suna ramewa. Wallahi ya ba ni tausayi.

Ina tsaye ina roƙon mai gadi, sai na lura ciki tsit, kuka kuwa yana tashi daga wajen Alƙasum. Ashe inda shanu suke nan ƙwari suke, a sawun kofatonsu kuma ruwa ke kwanciya. Duk iri bakwai ɗin sun sulale ta ƙarƙashin waya, ba wanda ya nemi izini.

Sai ga wani mushe, wato ɗan boko ma'aikacin gwamnati, daga biro, ofishinsu ke nan, gumi sharkaf. Mai Girma zai kawo Turawa ranar Lahadi, ga gandun kwaɗin babu ko ɗan tsalle. Mushe ya durƙusa ya tambayi Alƙasum nawa zai sayar da kwaɗinsa.

Alƙasum ya gyara rawani ya ce, "Mushe, mi zan saida maka? Ba nawa ba ne, na shanu ne. Buɗe musu ƙohwa, su biyo su."

Aka buɗe. Shanu arba'in suka shiga suka sha har suka yi gyatsa, mushe yana yi musu sannu da zuwa. Rabon kwaɗo dai ba ya hawa sama.

Na ji an kafa kwamiti, ya kuma ba shanun muƙamin ƙwararru masu ba da shawara. Ban yi musu ba. Cikin duk ƙwararrun da na sani, su kaɗai ne ke ba da nono.