Kaskon Hajiya na Makka

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da na je gidan surukaina a Tudun Wada don in nuna musu ɗansu bai yi zaɓen tumun dare ba. Satina uku da aure, ana shirin sunan jikan Hajiya, uwar mijina. Ni kuwa a Gyallesu na tashi, hannun kakata, inda ake dirje tukunya da toka da yashi har sai mutum ya ga fuskarsa a ciki.

Ina shiga kicin na hango wani kasko, cikinsa baƙi ƙirin. Na ce a raina ashe gidan manya ma akwai ƙazanta (Allah Ya yafe mini, har wani daɗi na ji). Na ɗauko soson ƙarfe na zauna bakin famfo.

Baƙin nan ko gezau. Na zuba toka, a banza. Na ƙara yashi, sai 'yan zane-zane. Mai hankali a nan zai tsaya ya yi tambaya, amma ni sai na gyara ɗaurin zane na koma kankara da cokali. Sai da yatsuna suka yi jawur kafin farin ƙarfe ya bayyana.

Na tallabo shi har tsakar gida, mata cike. "Hajiya, ga kaskon nan na ɗan gyara."

Ƙanwar mijina ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Anti, na Makka ne fa! Baƙin nan rufi ne aka yi masa don kada abinci ya kama. Shekara bakwai muna suya da shi ko ƙwarzane bai yi ba."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Hajiya ta jujjuya kaskon, ta dubi yatsuna, ta ce, "Mai shagon har rantsuwa ya yi wai ba ya kankaruwa, ashe bai gamu da 'yata ba. Ku kawo man kaɗanya a shafa mata."

Allah Ya jiƙan Hajiya. Har ta rasu ba ta sake tayar da zancen ba, kuma wallahi ina kewarta.

Ni dai na gane babu abin tsoro a kicin kamar amarya mai neman yabo. Bana na yi suruka. Ranar da ta shigo kicin tana naɗe hannun riga tana waige-waige, na yi maza na zaunar da ita na miƙa mata albasa.